Shahid kafin azumi: wa ya kamata ya biya, wa ya kamata ya riƙe kuɗinsa

Tun da Sha'aban ya kama mutane suke tambayata ko manhajar kallo ta Shahid ta ci kuɗinta, saboda sun san a shagona ana yawan kallonta. Amsata a gajarce ita ce ta ci, amma ba ga kowa ba, kuma ba kowane wata ba. Ni tela ne a nan Makka, a lungunan da ke bayan Shara Mansur, kuma rabin kallona da kunne nake yin sa, don ido yana kan allura. Wannan ya sa ma'aunina ya ɗan bambanta da na mai kwanciya a kujera da rimot a hannu. Shirin da ba za a gane shi ba sai an ƙura masa ido, ni ba nawa ba ne. Shirin da za a ja ni a cikinsa har in saba da mutanensa sannan a yanke shi a tsakiya, shi ma ba nawa ba ne, kuma a kan wannan na biyun ne maganata za ta fi tsawo.

Ga wanda bai sani ba, Shahid manhajar kallo ce ta kamfanin MBC, wanda aka kafa a Landan a 1991, ya koma Dubai a 2002, sannan ya buɗe hedikwatarsa a Riyad a 2022. A farkon 2020 aka sake mata fasali, aka fara yi mata finafinai masu dogon zango nata na kanta, waɗanda ba sai sun bi ta talabijin ba. Akwai ɓangaren kyauta mai talla, akwai na VIP da ake biya. A ciki za ka samu tashoshin gidan kai tsaye, su MBC1 da MBC Masr da MBC Drama da MBC Bollywood da Al Arabiya, ga kuma rumbun tsofaffin shirye-shirye. Ana biya da katin banki ko a cire ta layin waya. Sauran bayanin yana cikin manhajar, ba sai na ɓata muku lokaci ba.

Abin da ba ya cikin manhajar, wanda kuma shi ne ya kamata mai biya ya gane, shi ne cewa shekarar talabijin ta Larabawa a kan Ramadan take juyawa. Duk wani babban jarumi na Masar da Sham da Khalij (wato su Saudiyya da Kuwait), duk wani kuɗin talla mai kauri, a wata ɗaya suke haɗuwa. Ana fara kashi na farko a daren farko na azumi, ana sakin ɗaya kullum, a daren Sallah ko kusa da shi a rufe labari. Kashi 30, shi ke nan. A 'yan shekarun nan Misirawa sun yawaita masu kashi 15, wani ya ɗauki rabin farko na watan, wani ya karɓa a rabin ƙarshe, kuma ni na fi son haka, domin masu 30 ɗin sukan yi sanyi daga wajen goma ga wata zuwa ashirin. Za ka ji mutum biyu sun zauna a falo suna maimaita abin da ya faru jiya, keken ɗinkina yana gudu, in ɗago bayan na gama hannun riga in tarar ba su tashi ba. Sau da yawa kuma azumi yakan kama ana kan ɗaukar shirin, ba a gama ba, shi ya sa wasu ƙarshen suke zuwa a gurguje kamar an kore su. Amma dai ana ƙarewa. Mugun ya mutu ko ya tuba, an ɗaura auren ko an fasa, ka tafi Idi ba ka bin kowa bashin labari.

Ɗan yayata da ke karatu a Jidda, wanda yake zuwa mana ƙarshen mako, shi ɗan Amurka ne a kallo. Shi ya fara jawo hankalina ga yadda suke yi a can, na kuma bi na karanta da kaina. Su watan Mayu ne Sha'abansu. A watan ne manyan tashoshi, irin su ABC da NBC da Fox, suke tara masu talla a birnin New York su baje musu jadawalin da za a fara a ƙarshen Satumba. Kafin taron, a cikin 'yan kwanaki, ake jin wane shiri aka ƙara wa zango, wane aka soke, wane sabo aka ɗauka. Sababbin kuma a al'adarsu ta dā ba a sayensu gaba ɗaya. Daga Janairu zuwa Afrilu ake ɗaukar kashi ɗaya na gwaji, a nuna wa shugabanni da wasu zaɓaɓɓun masu kallo, in ya yi a ce a ci gaba, in bai yi ba a jefa shi a sito. Kamar dai in ɗinka jallabiya ɗaya ta sabon yayi in rataye a ƙofar shago, in ga ko za a taya, kafin in yanka bandir guda. Sai dai tasu jallabiyar tana da tsada. A 2019 tashar HBO ta ɗauki kashin gwaji na wani shiri da zai ba da tarihin abin da ya gabaci Game of Thrones, aka ruwaito an kashe sama da dala miliyan 30, sannan aka ajiye shi, har yau jama'a ba su gan shi ba. Yanzu su ma sun rage wannan al'ada, musamman bayan annobar korona da yajin aikin marubuta na 2023, wanda ya ɗauki kwana 148. Sun fi sayen zango guda kai tsaye.

Na ce masa to me ke sa a soke shirin da mutane suke so. Ya ce, "Kawu, ba so ake aunawa ba, lissafi ne." Kuma gaskiyarsa. Ana duba yawan masu kallo da kamfanin Nielsen yake ƙirgawa, musamman 'yan shekara 18 zuwa 49 da masu talla suka fi nema. Ana duba ko shirin mallakar ita tashar ce ko haya take yi daga wani kamfani, domin in nata ne za ta ci ribar sayar da shi a ƙasashen waje, in na haya ne talla kawai take ci. Sannan duk zangon da aka ƙara, albashin jarumai hawa yake yi. Shi ya sa za ka ga abin mamaki irin na S.W.A.T., wanda tashar CBS ta soke a Mayun 2023, bayan 'yan kwanaki ta janye, ta ce to zango na bakwai ne na ƙarshe, ta sake dawowa ta ba shi na takwas, sannan a 2025 ta rufe shi. Ko Manifest, da NBC ta yanke a 2021 bayan zango uku, mutane suka yi ta kallonsa a Netflix har ita Netflix ɗin ta saye shi ta ba shi kashi 20 ya ƙarasa labarinsa. Lucifer ma haka ya tsira bayan Fox ta sake shi a 2018. Waɗannan su ne masu rabo. Akwai irin su shirin 1899, da masu shi suka tsara zango uku, aka tsaya a ɗaya a farkon 2023, duk wanda ya fara shi yana nan rataye.

To a nan Shahid take da galaba a wurina, kuma galabar ba ta fasaha ba ce, ta tsarin kasuwar da ta fito ce. Balarabe ba ya ɗaukar kashin gwaji. Ana sayen shiri ne a kan sunan jarumi da marubuci da kamfanin da zai yi, a biya a ɗauka gaba ɗaya. Zangon farko yakan zo da ƙarshensa a jikinsa, in an samu karɓuwa a buɗe wata ƙofa a yi na biyu, in ba a samu ba babu wanda aka bari a hanya. Rashash, wanda Shahid ta yi a 2021 a kan wani ɗan fashi da ya addabi hanyoyin Saudiyya a shekarun 1980, kashi takwas ne kawai, ya fara ya ƙare. Shi kam sai da na ajiye almakashi, don ba na kunne ba ne.

Amma kada a ɗauka a nan ba a yanke wa mutane kallo. Ana yi, dalilin ne daban. A watan Maris na 2018 MBC ta sauke duk finafinan Turkiyya daga tashoshinta a lokaci ɗaya, alhali ita ce ta koya wa Larabawa su tun da ta sa Noor da muryar mutanen Sham a 2008. Ba masu kallo ne suka ragu ba, dangantakar ƙasashe ce ta yi tsami. Bayan haka sai kamfanin ya ɗauki wata hanya, yana sayen labarin Turkawa yana sake ɗaukarsa da jaruman Sham da Labanan, aka fara da Arus Beirut a 2019. Uwargida tana bin irin waɗannan, ni kuwa ba na iya su, tsayinsu ya yi yawa kuma kowa a ciki mai kuɗi ne da ba a taɓa ganin inda yake aiki ba. Shirin Mu'awiya kuma an sa ran fitarsa a azumin 2023, aka riƙe shi sai a na 2025 ya fito, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Iraƙi ta hana nuna shi a can. Tun a 2012 aka sha irin wannan muhawara a kan shirin Umar na marigayi Hatim Ali, inda Azhar ta ƙi amincewa da a fito da fuskar manyan sahabbai. Mahaifiyarmu tana cikin masu wannan ra'ayi. In aka sa irinsa sai ta ce, "Ku canja mini, ni ba zan kalli wani ɗan wasa a ce shi ne Sayyidina Umar ba," kuma a gidanmu maganarta ce ƙarshe. Ni ina ganin Larabcin da ke cikin irin waɗannan shirye-shirye na tarihi ya fi duk wani abin da ke manhajar amfani ga yaranmu, waɗanda bakinsu ya cika da Larabcin titi, amma wannan magana ce ta kowa da malaminsa.

Ciwon Larabawa na gaske kishiyar na Amurkawa ne: ba su san a bari ba. In shiri ya karɓu sai an tatse shi. Bab al-Hara, shirin mutanen Sham, ya fara a 2006, kuma zango biyun farko duk wanda ya zauna a ƙasar nan a lokacin ya san yadda lungu yake yin tsit in an fara shi. Aka cire Abu Isam, wanda Abbas al-Nuri yake fitowa a matsayinsa, aka ce ya mutu, sai ga shi a zango na shida a 2014 ya dawo da ransa. Aka ci gaba har aka haura zango goma, mutanen farko sun watse, unguwar ma ta canja, sunan kawai ya rage. Al-Haiba ya kai biyar kafin jaruminsa Taim Hasan ya ajiye bindiga. Al-Maddah na Hamada Hilal, wanda aka fara a 2021, yaran shagona ba sa yarda a wuce shi, saboda labarin aljanu ne da masu ruƙiyya, abin da Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhinsa. Na farkon ya ba ni tsoro na gaske. Daga na uku na fara gane cewa duk shekara aljanin bara ne ya sake riga. Yaron da ke yi mini aikin maɓalli ya ce, "Maigida, ai ko shi ne muna so," na ce to ai shi ya sa ba za su daina ba.

Wanda na yafe wa shi ne Tash ma Tash, shirin barkwanci na Saudiyya. Nasir al-Ƙasabi da Abdullahi al-Sadhan sun fara shi a 1993 a tashar gwamnati, daga baya ya koma MBC, ya yi zango 18 kafin su raba gari bayan na 2011. Kowane kashi labarinsa daban, gajere, daidai lokacin da aka sha ruwa ana jiran Isha, kuma sun taɓo abubuwan da a wancan zamani ba kowa ke iya furta su a fili ba, daga wasɗa, wato alfarmar sanayya, a ofisoshi har maganar muharramin mace. Da suka dawo da shi a azumin 2023 na yi murna, duk da ƙasar da suke yi wa ba'a ta riga ta canja, mata suna tuƙi, an buɗe gidajen sinima tun 2018, abin da ya rage a yi wa dariya ya ragu. Ga sabon zuwa da yake son ya gane mutanen da yake zaune a cikinsu, da yadda ɗan Najadu yake magana da yadda ɗan Hijaz yake yi, ban san wata makaranta da ta fi tsofaffin zangunan nan ba.

Akwai abin da ban yafe ba. Ramiz Jalal duk azumi sai ya zo da shirinsa na tsorata mutane, a ɗaure babban mutum ana watsa masa ruwa yana ihu yana zagi, a daidai lokacin da bakin mutane yake ɗauke da dabino. Shekara da shekaru ana sabunta shi saboda ana kallo. A shagona ba a sa shi.

Masu ƙwallo su saurara da kyau, don nan ne mutum zai iya biyan kuɗi a kan tsohon labari. Shekarun baya gasar Saudiyya a tashoshin SSC take, kuma ta cikin Shahid ake kallonsu, shi ya sa da yawa daga cikin samarinmu suka yi ishtiraki, wato suka biya kuɗin kallo, musamman bayan Ronaldo ya zo Al-Nassr, ƙungiyar da Ahmed Musa ya buga wa daga 2018 zuwa 2020, da kuma lokacin da Ighalo ya zo Al-Wahda ta nan Makka a 2023. Daga kakar 2025/2026 haƙƙin nuna gasar ya koma hannun kamfanin Thmanyah. In don Hilal da Ittihad za ka biya, ba nan ba ne kuma. Haka nan mai neman na Amurka zalla. Akwai su a Shahid, amma haya ake yi na wani lokaci, kuma ba su ne ƙarfinta ba. Na HBO a manhajar OSN+ suke a wannan yanki, Netflix tana nan tun 2016, Disney+ ta shigo a 2022. Ɗan yayata bai taɓa neman lambar sirrina ba, wannan kaɗai ya isa shaida.

Ta fuskar amfani, abin da na fi mora shi ne sauke shiri a waya. Ina saukewa a gida da intanet ɗin gida, in kalla a shago ba tare da na ƙona data ba. Ana buɗe wa kowa shafinsa, akwai na yara daban, wanda ya raba ni da faɗan wa ya taɓa mini inda na tsaya. Wasu shirye-shiryen azumi mai VIP yakan riga mai talabijin gani, amma wannan ni bai dame ni ba, sai ma ya jawo abokin ciniki ya shigo karɓar ɗinki ya faɗa maka wanda aka kashe. Da yawa daga cikin shirye-shiryen suna da fassarar Turanci a ƙasa, wasu har da Faransanci, abin da ya taimaki maƙwabcina mutumin Damagaram da bai daɗe da zuwa ba. Abin da ke cikin manhajar kuma yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka wanda yake Kano ko Yamai kada ya auna da abin da nake gani a nan.

Hausa babu. Ban yi tsammani ba, amma ya kamata a faɗa, domin a gidajenmu na nan akwai tsofaffin da suka shekara arba'in a Makka kuma har gobe in za su huta da Hausa suke hutawa. Su Labarina da Izzar So a YouTube muke binsu, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24 ne. Su ma namu sun koyi ciwon ja, zango yana bin zango, ga hutun da ba a san ranar dawowarsa ba. Saboda haka in mutanen gidanka Kannywood ce abincinsu, kuɗin Shahid ka ƙara shi a na data.

Za a ce maka akwai hanya mai sauƙi, wato 'yar akwatin nan da ake sayarwa a ɓoye, wadda aka ce tana buɗe komai da komai a kuɗi kaɗan na shekara. An taɓa kawo mana irinta gida daga wani shago da ba zan kira sunansa ba. Ta yi aiki lafiya har tsakiyar azumi, daren da kowa ya hau kanta ta tsaya cak, aka koma shagon mai shi ya ce daga sama ne, a jira. Ba rasit, ba wanda za ka kai wa ƙara, kuma abin da doka ta hana ne, wanda baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, bai kamata ya kusance shi ba ko da yana aiki.

Yadda nake yi shi ne biyan wata-wata, ba na shekara ba. Ina buɗewa a ƙarshen Sha'aban, lokacin da aka gama sakin tallan sababbin shirye-shirye aka san wanda zai fito da wanda aka ɗage, domin ana ɗagewa ko a satin ƙarshe. In bar ta har ƙarshen Shawwal, saboda goman ƙarshe na azumi ba na kallo, ɗinkin Sallah da Harami sun raba dare a tsakaninsu, sai bayan Idi nake rama abin da ya wuce ni. Daga Zulƙida zuwa bayan aikin Hajji garin nan ba na zama ba ne, sai in rufe. Mai biya ta layin waya ya tuna cewa sabuntawa da kanta take yi duk wata, sai ka shiga ka tsayar. Ka kuma riƙa duba kalanda, don azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, har a 2030 zai zo sau biyu, a Janairu da Disamba. Masu shirya finafinan nan wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki ne kawai a hannunsu tsakanin wani zango da wani, kuma ana gani a aikin waɗanda suka makara.